Martani: Ba ABS ce ta lalace ba, Malam, gyaranta aka kasa

Rubutun da wani ɗan'uwa marubuci ya fitar kwanan baya a kan birkin tsofaffin motoci ya samu karɓuwa, musamman a wurin direbobi da kanikawa, domin ya faɗa musu abin da suka daɗe suna son ji. Shawarar Malam ita ce, duk mai mota 'yar Beljiyam da fitilar ABS ta dame shi, kada ya wahalar da aljihunsa, ya kai ta gareji a cire na'urar a mayar da birkin dairek, ya huta. Hujjarsa kuwa, wai Turawa sun ƙera ABS ne saboda ƙanƙarar ƙasarsu, wai ita ce take hana birki kamawa a daidai lokacin da ake bukatarsa, kuma wai iyayenmu sun yi shekara da shekaru suna zirga-zirga tsakanin Kano da Legas a Peugeot 504 ba su ma san da zamanta ba.

Malam, da girmamawa nake magana. Matsalar da ka kwatanta gaskiya ce, na kuma san ta. Shawarar da ka ɗora a kanta ce ban yarda da ita ba, kuma da a kan rediyon mota ko na'urar sanyaya ɗaki ka bayar da ita, da na yi shiru. To birki ne.

Bari in fara da inda ka fi gaskiya. Akwai motar da za ka taho da ita a hankali, ka iso shataletale ko ka tarar da gosulo, ka ɗora ƙafa a birki, sai ka ji feda tana kaɗawa gir-gir-gir a tafin ƙafarka, wani gurnani yana tashi daga cikin bonet, motar kuma ta ci gaba da silalewa taku biyu ko uku kafin ta tsaya. Wanda abin ya taɓa samu a bayan ɗan adaidaita sahu ba zai manta ba. Abin haushin ma, sau da yawa fitilar ba ta kamawa a irin wannan hali, balle mutum ya san inda zai dosa. Mai motar da ya ce a cire masa wannan abu ban ga laifinsa ba, tsoro ne ya kama shi, kuma tsoron a kan hanya yake. Wanda nake tuhuma shi ne wanda ya san mota, ko ya ɗauki alƙalami ya ce zai koyar da jama'a, bai tsaya ya tambayi abin da ya jawo hakan ba.

A gindin kowace taya akwai wani zobe na ƙarfe mai haƙora arba'in da 'yan kai, yana juyawa tare da ita. Daura da shi an kafa sensa, wadda a tsofaffin motoci maganaɗisu ne kawai da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, wayoyi biyu suka fito daga jikinta. Duk haƙorin da ya gifta ta gabanta sai ta haifar da 'yar wuta, kwamfutar birki ta ƙirga, ta san gudun kowace taya ita kaɗai. Idan direba ya taka birki ta ga taya guda ta tsaya cak alhali sauran ukun suna juyawa, sai ta ɗauka tayar ta ƙame tana jan ƙasa, ta sassauta mata matsin man birki, ta sake matsewa, ta sake saki, sau goma ko fiye a daƙiƙa ɗaya. Rawar da ake ji a feda ke nan. To irin wannan sensa, ƙarfin wutarta ya dogara ne ga saurin tayar da kuma kusancin bakinta da haƙoran zoben, tazarar da ke tsakaninsu kuwa kamar milimita ɗaya ce, wani lokacin ba ta kai ba. Idan tsatsa ta taru a ƙarƙashin mazauninta ta ɗan ɗaga ta, ko zoben ya tsage, ko boris ya ci taya tana wasa, a kan gudu wutar tana isa, ba a ganin komai. Da mota ta rage gudu ta zo tsayawa, sai wutar ta yi rauni har kwamfuta ta daina jin ta. A lissafinta wannan tayar ta ƙame, don haka sai ta saki birkin tayar da lafiyarta ƙalau. Ƙarya aka yi mata, ta yi aiki da ita.

Kuma ba a Najeriya aka fara ganin haka ba. A 2005 kamfanin General Motors ya kira motoci kimanin 800,000 domin gyara, manyan a-kori-kura da jif-jif ƙirar 1999 zuwa 2002 irin su Chevrolet Silverado da Tahoe da GMC Yukon, a jihohin arewacin Amurka inda ake zuba gishiri a titi lokacin sanyi. Ƙorafin masu su irin naka ne sak: ABS tana tashi babu dalili idan mota ta zo tsayawa, ƙasa da gudun kilomita 16 a awa, har wasu suka riƙa dukan bayan motocin mutane. Gyaran da aka yi musu shi ne a kwance sensar tayar gaba, a kankare tsatsar mazauninta, a shafa maganin tsatsa, a mayar, a auna wutar da take bayarwa, wadda ta gaza a canza ta. Ba a yanke bututun mota ko ɗaya ba. Motocin da ake sauke mana a Tin Can da Kwatano, da yawansu daga irin waɗannan wurare suka fito, da Kanada da arewacin Turai, kuma duk wanda ya taɓa kwanciya a ƙarƙashinsu ya ga aikin gishiri. Suna isowa nan kuma mu ƙara musu da namu: ƙurar hunturu, jar ƙasa, taɓon damina da ramukan titi.

Na taɓa tsayawa a kan wani matashi mai wayarin a wani gareji a Kano yana duba wata Camry da mai ita ya kawo da niyyar a yi mata dairek. Ƙaramin noti ɗaya ne mai lamba goma ke riƙe da sensar. Da ya lallaɓa ya zaro ta, bakinta ya yi gashi buzu-buzu: garin ƙarfen da birki ke ci ya manne wa maganaɗisun, ya cakuɗe da ƙasa da giris ɗin da ya tsiyayo daga yagaggiyar robar shaf, duk ya daskare. Ya sa tsumma da ɗan fetur ya goge ta tas, ya zura siririn buroshi ta ramin yana share tsakanin haƙoran zoben, yaronsa yana juya masa tayar da hannu. Sannan ya bi wayar da yatsu daga gindin taya har cikin bodi yana lanƙwasa ta kaɗan-kaɗan, idonsa a kan mita. Mai motar yana ta cewa, "Oga, ni dai a cire kawai, na gaji." Shi kuwa bai ɗago ba, ya ce, "Alhaji, bari mu ga abin da ta ce tukuna." Da aka zagaya da ita aka dawo, fedar ta daina rawa. Ba kullum ake dacewa haka ba, wani lokacin sai an sayi sensa, wani lokacin hob ɗin gaba ɗaya. Amma daga nan ake farawa, kuma wanda ya tsallake nan ya tafi yankan bututu ya bar jaki ne yana dukan taiki.

Akwai kuma abin da rubutunka bai taɓo ba sam, wato fitilun da hannun gareji ya kunna da kansa. Mota ta shigo lafiya a canza mata kan shaf, a aika yaro Ƙofar Ruwa ko Panteka ya kawo wanda ya shiga daidai, amma haƙoran zobensa ba su kai na asali yawa ba, ko ma babu zoben ɗungurungum. Ko a sa guduma a fitar da tsohon, a lotsa haƙori biyu a mayar. Ko a zo canza shakazoba a saki hob ya rataya a jikin wayar sensa, ta tsinke ta ciki, robarta a waje lafiya lau. Ko a manta a mayar da ita cikin maƙalinta, ta riƙa gogar taya har ta huje. Motocin da suka biyo baya kuma, waɗanda aka daina sa musu zobe mai haƙora, maganaɗisun yana jikin robar boris ne, a fuska ɗaya tak. In aka buga boris ɗin a juye, sensa ba za ta ga komai ba, kuma ba ya fita sai ya lalace. Gwajin kuwa bai fi a kusantar da allura ko ɗan siririn ƙarfe ba, fuskar da ta kama shi ita ce za ta kalli sensa. Irin waɗannan sababbin sensa wuta ake ba su daga kwamfuta, ba a auna su yadda ake auna tsofaffin, kuma mai tsikarinsu da ƙwan gwaji yana iya ƙona lafiyayyiya. Batir mai rauni ma yana kunna fitilar, haka altanetar da ba ta caji sosai, haka fiyus, haka tayoyin gwanjo da aka haɗa kowace da girmanta. A cikin duk waɗannan ina laifin Bature da ƙanƙararsa?

Za ka ce ai an sa kwamfuta ba ta nuna komai ba. 'Yar ƙaramar kwamfutar nan mai araha da ta cika gari lambobin inji take karantawa, masu farawa da harafin P. Na birki da C suke farawa, sai wadda ke iya shiga akwatin ABS. A Toyota da yawa, C0200 tayar gaba ta dama ce, C0205 ta hagu, C0210 da C0215 na baya. Tsofaffin ma ba sai da kwamfuta ba: a haɗa ƙafa ta 4 da ta 13 a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari, fitilar ta riƙa ƙiftawa tana ba da lambar, sai dai aikin wanda ya sani ne, don ƙafa ta 16 wutar batir ce kai tsaye. Lambar kuma gefen da matsalar take kawai take faɗa, ba ta ce sensar ce ta mutu ba, tana iya zama waya ko soket ko zobe. Shi ya sa za ka ji mutum ya sayi sensa sau biyu fitila ba ta mutu ba, ya yanke hukunci cewa ABS ba ta gyaruwa. Gwajin da ya fi kowanne shi ne a bar kwamfutar a jone, wani ya ja motar a hankali, a zuba wa gudun tayoyin huɗu ido. Wadda lambarta ta faɗi sifili kafin 'yan'uwanta, can ɓarnar take.

Yanzu ga inda na fi jin tsoron shawararka. Idan mota ta ci birki da ƙarfi nauyinta gaba yake komawa, hancinta ya duƙa, bayanta ya ɗaga. Tayoyin baya sun yi sauƙi ke nan, kuma matsin da tayar gaba za ta shanye lafiya, in aka ba ta baya irinsa, nan take za ta ƙame. Ƙamewar tayar gaba masifa ce, sitiyari ya daina aiki, mota ta zarce inda ta dosa. Ta baya ta fi ta muni, domin gindin motar ne zai zagayo, ta gicciye a titi ko ta juya ta kalli inda ta fito, in kuma ta haɗu da gefen kwalta mai tudu, ta wuntsila. Masu ƙera mota sun san haka tun kafin zuwan ABS, shi ya sa suke sa wani bawul a hanyar man birkin baya yana rage masa matsi. 504 ɗin da kake yabo, wadda masana'antar Peugeot ta Kaduna ta yi ta haɗawa bayan buɗe ta a 1975, tana da nata a ƙarƙashi wajen tayoyin baya, an haɗa shi da ɗan ƙarfe mai jin nauyin kayan da aka lafta mata, in ta yi lodi ya ƙara wa baya birki, in babu kowa ya rage. Golf 3 ma da yawansu haka suke. Wato 504 ba a cire mata komai ba, cikakkiya ce a tsarin da aka yi ta.

Daga ƙarshen shekarun 1990 kamfanoni suka fara ajiye wannan bawul suna miƙa aikinsa ga kwamfutar ABS, shi ne abin da ake rubutawa EBD a takardun mota. Camry ɗin 2007 da muke kira Muscle da Accord ɗin 2008 da ake ce wa Evil Spirit duk a wannan tsari suke, haka sa'o'insu. A irinsu, ranar da aka zare akwatin ABS aka haɗa bututai da mahaɗar tagulla, babu sauran abin da ke tsakanin ƙafar direba da tayoyin baya. Ko fiyus kawai aka zare aka bar akwatin a wurinsa, rabon ya tsaya. A cikin gari ba za ka ji bambanci ba, har ma ka yaba ka ce birkin ya ƙara kaifi, kana taɓawa tana cakewa. Wannan kaifin shi ne alamar cutar. Ba za ta nuna kanta ba sai ranar da saniya ta faɗo titi tsakanin Zariya da Kano kana gudun kilomita 100 a awa, gudun da mota ke cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, ka taka da iya ƙarfinka kamar yadda kowa zai yi. Ba 504 ka mayar da ita ba, Malam. 504 ta fi ta lafiya nesa ba kusa ba.

Aikin haɗa bututan ma kansa abin dubawa ne. Masta, wato famfon da feda ke turawa, hanya biyu gare ta, kuma a yawancin ƙananan motoci masu jan gaba a gicciye aka haɗa su, gaba ta hagu da baya ta dama a hanya ɗaya, sauran biyun a ɗayar, domin in bututu ya fashe a tsira da rabin birki mota kuma ba ta fizge ba. Bututu shida ne a jikin akwatin ABS, biyu daga masta, huɗu zuwa tayoyi. Mai haɗa su da ido a gindin bishiya, in ya rikita biyu, ba mai sani sai ranar da ake bukatar rabin nan. Na ga wadda aka liƙe da waldar gas, a hanyar da matsi mai tsanani ke bi. Ban da wannan, motoci da yawa na bayan 2000 daga akwatin nan suke samun labarin gudu, don haka ana cire shi allurar maleji ta kwanta, giya mai canza kanta ta fara fizga, VSC ɗin Toyota ko VSA ɗin Honda da ke hana mota zamewa a kwana su mutu tare da shi. Mai motar ya koma gareji da sababbin matsaloli, kuɗin da ya ce ya tsira da shi ya fita ta wata ƙofar.

Batun ƙanƙara kuwa, ban san inda aka samo shi ba, amma ya zama kamar karatu a bakin kowa. Tun kafin ta zo mota an yi amfani da dabarar a jiragen sama, domin tayarsu kada ta ƙame ta fashe wajen sauka. Irin ta lantarki da muka sani ta bazu ne bayan Bosch da Mercedes-Benz sun fito da tasu a 1978. Brazil ta wajabta ta a kan duk sababbin motoci daga 2014, Indiya daga 2019, kuma ba don ƙanƙara direban Mumbai yake taka birki ba. Abin dariyar ma, sabuwar ƙanƙara mai laushi tana cikin wuraren da ABS ke ƙara wa mota nisan tsayawa, daidai da yashi da tsakuwa, saboda tayar da ta ƙame tana tara tudu a gabanta ya taimaka ya tare ta. Da nan ka kafa hujja, da na ba ka rabin gaskiya. Gwajin da hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta Amurka ta wallafa a 1999 ya nuna a kan sakakkiyar tsakuwa nisan tsayawa yana ƙaruwa da fiye da kashi 20 cikin 100. Masu ƙera mota ma sun sani, shi ya sa Land Cruiser ɗin shekarun 1990 take kashe ABS da kanta idan aka kulle giyar tsakiya za a shiga daji, ta dawo da ita in an fito. Wanda rayuwarsa duk a hanyar burji take tsakanin ƙauye da kasuwa, ya san da wannan, ya rage gudu, ya ba da tazara. Amma Camry da Accord ɗin da kake ba masu su shawara a kan kwalta suke wuni, kuma inda ABS ta fi amfani shi ne jiƙaƙƙiyar kwalta. Ruwan farko na damina, lokacin da ƙurar wata shida da baƙin man da tireloli suka ɗiga suka narke suka zama santsi, ba ya bukatar taimakon ƙanƙara.

Ka ce ƙafar gogaggen direba ta fi na'ura. Ina girmama direbobinmu, akwai waɗanda suka yi shekara talatin a hanya ba su taɓa kashe ko akuya ba. Sai dai feda ɗaya ce tayoyi huɗu, abin da ka ba ɗaya shi ka ba sauran. Ka ɗauki abin da ke faruwa kullum a hanyoyinmu: tirela ta shigo hannunka tana kauce wa rami, ka sauka gefe, tayoyin dama suna kan yashi na hagu suna kan kwalta, ga kuma mai keke a gaba. In ka taka yadda kwalta ke so, na yashin su ƙame motar ta juya. In ka taka yadda yashi ke so, ba za ka tsaya ba. Na'urar tana ba kowace taya gwargwadon abin da ƙasan da take kai zai ɗauka, kuma ta bar maka sitiyari a hannu ka kauce. Babu ƙafar da ke wannan rabon. Ba zan ƙara wa miyar gishiri ba: nazarin da hukumar nan ta Amurka ta fitar a 2009 ya ce ABS ita kaɗai ba ta sauya adadin haɗurran da ake rasa rai ba sosai, ta dai rage haɗurra gaba ɗaya da kashi 6 cikin 100 a ƙananan motoci. Ba laya ba ce, ba ta gyara sanƙon taya, ba ta hana mai gudun wuce sa'a ganin sakamakonsa. Amma wannan kwatanci ne tsakanin mota mai ABS da wadda aka ƙera babu ita da bawul ɗinta cikakke. Babu wanda ya gwada motar da aka yanke wa bututu a gareji, don babu wanda ya zaci za a yi haka.

Wani abin da ya kamata ka gaya wa masu karatunka shi ne, rawar feda a lokacin birkin gaggawa ba lalacewa ba ce, aikin ke nan. Direbobi da yawa suna jin ta su firgita su ɗage ƙafa, ko su shiga famfa birki irin na da. A danne ta da ƙarfi, kada a saki, a juya sitiyari inda ake so. Duk mai irin wannan mota ya kamata ya samu fili babu kowa ya gwada sau ɗaya, ƙafarsa ta san abin tun kafin ranar tsiya.

Su kuma masu cewa sun yi shekaru da fitilar a kunne ba abin da ya same su, na yarda. Fitila mai ruwan ɗorawa ita kaɗai tana nufin kwamfuta ta ga abin da ba ta gane ba ta janye hannunta, birki na yau da kullum yana nan. Wannan ma ya rushe wani sashe na rubutunka, domin in fitilar tana kunne ABS ba ta aiki, to ta yaya za ta zama sanadin birkin da ke ƙin kamawa, feda ta nutse har ƙasa? Wannan sai a duba masta, ko iska a cikin bututu, ko yoyo, ko man birkin da ya tsufa. Man birki yana shan danshin iska: DOT 3 sabo sai ya haura digiri 205 yake tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa yana iya tafasa tun daga wajen 140, kuma ruwan nan ne ke cin ƙananan bawul ɗin da ke cikin akwatin ABS. Kamfanoni da yawa sun ce a zubar a sake duk shekara biyu ko uku. Mu ciko kawai muke yi, wasu ma har ruwan sabulu suke ɗurawa in sun matsu a hanya, sannan akwatin ya mutu a ce ba ya son zafin Afirka.

Na san akwatin kansa yana mutuwa, kuma na Beljiyam ba araha ba, balle a wannan zamani. Na san kuma sau da yawa bakanike ba mugunta ke sa shi yin dairek ba, ba shi da kayan aunawa ne, ga mai mota a tsaye a kansa yana so ya tafi yau. Amma akwati shi ne na ƙarshe da ake zargi, bayan an wanke batir da fiyus da waya da sensa da zobe, kuma ko shi ɗin wani lokacin dalma ce ta tsage a ciki, masu gyaran lantarki suna buɗewa su liƙe. In abin ya gagara ɗungurungum, a ce dole sai an rabu da ita, to mafi ƙaranci a sa masta da bawul na irin motar da aka ƙera babu ABS, inda akwai irinta, kamar Corolla ɗin Amurka ta 2003 zuwa 2008 da wasu suka zo da ita wasu babu. Wannan aiki ne na wanda ya san abin da yake yi, kuma ba shi ka rubuta ba.

Saura dillalai. Shawararka ta yi musu daɗi, domin motar da aka yi wa dairek fitilarta ba ta mutuwa, sai a buɗe dashbod a cire ƙwan, ko a liƙe shi da baƙin salatif, ko a jona shi da fitilar mai su riƙa mutuwa tare. Mai saye ya ɗauki iyalinsa a motar da bai san an taɓa birkinta ba. Ɓoye aibin kaya a ciniki kowa ya san hukuncinsa, ba sai na ja aya ba. Mai karatu da ke shirin sayen mota, ka murɗa makulli ba tare da ka tayar da inji ba, ka nemi fitilar ABS da idonka. Dole ta kama, sannan ta mutu bayan 'yan daƙiƙu. In ba ta kama ba sam, ko ta ƙi mutuwa sai tare da fitilar mai, ka buɗe bonet ka nemi akwatin da bututai shida ke shiga, ka duba ko soket ɗinsa yana jone.

Malam, roƙona gare ka shi ne ka koma wurin masu karatunka ka janye maganar yankan bututu, ka ce musu a fara da gano tayar da ke ba da labarin ƙarya. Ka kuma ƙara musu da wannan, don bai fito a rubutunka ba: idan fitilar ABS ta kama tare da jar fitilar birki, bayan an sauke birkin hannu kuma mai yana cike, a motoci da yawa ma'anarsa rabon birkin baya ma ya tsaya. Irin wannan mota a lallaɓa da ita zuwa wurin mai gyara, kada ta hau babbar hanya da fasinja.